Wa ke raɗa wa jiragen gobe suna?

Ƴan uwa, na san wasu za su ce wanga batu bai kai a ɓata masa takarda da kuɗin fotokofi ba. Ina ruwan ɗalibin da ke jiran burs da sunan kumbon da babu shi a duniya? To ku yi haƙuri ku saurara, domin mu ne muke raba dare a fada muna kallon waɗannan finafinai a waya, mu ne muke musayar su a kile da karti memuwar, kuma wasu daga cikinmu sun fara rubuta nasu labaran ƙagen kimiyya da Hausa. Abin da nake son in ce shi ne: Star Trek, wanda ya fi kowane shirin telebijin iƙirarin cewa gobensa ta dukan ɗan Adam ce, ya ɗauko sunayen dangin jiragensa daga rumbun ƙasa ɗaya da ƙawayenta. Mu kuma muna kwafar abin ido rufe.

Bari in fara da mi ake nufi da aji, don kada mu yi ta musu a duhu. A rundunar sojan ruwa ba a ƙera jirgi ɗaya tal a kan zane guda. Ana zana samfuri, a ƙera jirage biyar ko goma a kansa, kowane da sunansa. Amma dukansu ana kiran su da sunan ɗan farin da aka soma ƙerawa. Jirgin Nimitz na Amurka shi ne na farko a irinsa, saboda haka sauran tara da suka biyo shi duk ƴan ajin Nimitz ne. Wani lokaci ma sunan kan wuce gidansu: a 1906 Ingila ta fito da jirgin yaƙi mai suna Dreadnought, sai sunan ya zama na duk wani babban jirgin yaƙi irinsa, ko na Jamus ne ko na Japan. Ke nan jirgi yana da suna biyu, sunan yanka da sunan gida. Ku riƙe wannan, a nan rigimar take.

Shirin ya fara fitowa a tashar NBC ranar 8 ga Satumba 1966. Wanda ya ƙirƙiro shi, Gene Roddenberry, matuƙin jirgin yaƙin sama ne a Yaƙin Duniya na Biyu, haka ma Matt Jefferies da ya zana kumbon Enterprise. A takardar farko da Roddenberry ya rubuta a 1964, sunan kumbon Yorktown ne, wato wurin da Amurkawa da Faransawa suka ci sojojin Ingila a 1781. Daga baya aka mai da shi Enterprise, sunan da a lokacin yake jikin jirgin ruwan Amurka na farko mai ɗaukar jiragen sama da ke aiki da nukiliya. Sunan gidansa kuwa, Constitution, bai zo da wuri ba. Allon da aka kafa a ɗakin tuƙi a shekarun 1960 bai ambace shi ba. Littafin zane-zanen da Franz Joseph ya fitar a 1975 ne ya baza shi a wurin masoya shirin, kuma sai a 1987 aka ji wani ya furta shi da baki a cikin fim. Mi ke nan Constitution? Tsarin mulki, na'am. Amma kowane ɗan Amurka ya ji kalmar a jikin jirgi ya san ana nufin tsohon jirgin yaƙin nan na katako da aka saka a ruwa a 1797, wanda har yau yake ɗaure a Boston ana kai ƴan lakwal kallonsa.

Akwai wani abin dariya a nan. A 1976 hukumar NASA ta gama kumbonta na gwaji, ta shirya sa masa suna Constitution. Masoya Star Trek suka yi ta aika wa shugaba Gerald Ford wasiƙu har aka canja shi zuwa Enterprise. Fim ya ari suna daga soja, gwamnati ta dawo ta ari suna daga fim. Duk wanda ya ce mini sunan cikin fim wasa ne, ya fara bayyana mini wannan.

Yanzu ku ji sunayen ƴan uwan Enterprise, waɗanda Kaftin Kirk ya ce su goma sha biyu ne a rundunar: Lexington, Yorktown, Farragut, Hood, Exeter, Excalibur, Defiant, Intrepid, Potemkin. Lexington fagen fama ne na 1775. Farragut babban hafsan ruwa ne na yaƙin basasar Amurka. Hood jirgin yaƙin Ingila ne da Jamusawa suka nutsar a 1941. Potemkin ne aka jefo wa Rashawa don kada su ce an manta da su. An ce mana wagga runduna ta bincike da zaman lafiya ce, ba ta yaƙi ba, amma ka karanta jerin sai ka ɗauka kana cikin maƙabartar sojan ruwa. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Intrepid. A cikin labarin, ma'aikatan wanga kumbo ɗari huɗu ne kuma dukansu mutanen duniyar Vulcan ne, masu harshensu, masu falsafarsu, waɗanda suka riga ɗan Adam fita sararin samaniya da ƙarnuka. Ƙaƙa za a ce mutane ɗari huɗu irin waɗannan sun rasa kalma ɗaya a harshensu da za su rubuta a goshin jirginsu, sai ta Ingilishi?

Har haruffan da ke gaban suna ba su tsira ba. USS a duniyar gaske alama ce ta jirgin gwamnatin Amurka. Marubutan sun yi ta lanƙwasa ma'anar don ta dace da taurari, amma haruffan suna nan yadda suke. NCC kuwa Jefferies da kansa ya ce daga rajistar jiragen saman farar hula na Amurka ya samo ta, NC, ya ƙara C guda. Da ɗan Nijar ne ya zana kumbon, da 5U za mu gani a jikinsa, da ɗan Najeriya ne, 5N. Kuma da kowa ya yi dariya ya ce ina ruwan taurari da Nijar. To ina ruwansu da Amurka?

Na san amsar da ake ba ni a fada: fim ɗinsu ne, kuɗinsu ne, ƴan kallonsu ne, mi kake so su yi? Wannan amsar ta zauna daram a kan Stargate. Can sojan saman Amurka ne ke da jiragen, a zamaninmu, ba a ɓoye ba. Sun sa wa nasu Prometheus da Daedalus da Odyssey da Apollo, da suka ba Rasha ɗaya aka kira shi Korolev, na Sin aka kira shi Sun Tzu. Mai abu ya raɗa wa abinsa suna, ba ni da ta cewa. Star Trek ne ya ɗaura wa kansa rawanin da ya fi kansa. Shi ya ce an kafa Tarayyar a 2161 da duniyoyi huɗu, shi ya sa Kaftin Picard ya ce ta kai duniya fiye da 150. Shi ya ce an gama da talauci da wariya da iyakokin ƙasa. Wanda ya gayyaci gari duka walima, ba ya cewa ai tukunyar gidanmu ce shi ya sa muka zuba wa ƴan ɗakinmu kaɗai.

Gaskiya dai, akwai lokacin da suka kama hanya. Da shirin The Next Generation ya zo a 1987, sabon Enterprise ɗan ajin Galaxy ne. Sai ga Nebula, ga Constellation, daga baya ga Nova. Waɗannan sunayen taurari ne da ƙurar sama, ba gadon uban kowa ba. Kalmomin na Turawa ne, amma abin da suke nuni gare shi yana saman kan ɗan Tawa kamar yadda yake saman kan ɗan Boston. Ambassador ma, jakada, ya dace da masu cewa sulhu suka fito. Sai dai abin bai daɗe ba. Da shekarun 1990 suka yi nisa, labaran suka koma na yaƙi, sunayen gida suka koma na bugun ƙirji: Defiant, mai taurin kai, Intrepid, marar tsoro, Sovereign, mai mulki. Tarayyar da ba ta da sarki ta sa wa gidan babban jirginta suna mai mulki, ba wanda ya ɗaga gira.

Amma bari in zo kan abin da ya sa ni ɗaukar biro tun farko. Akwai wani ƙaramin kumbon bincike da aka fara gani a fim na 1984, gidansa ana kiran shi Oberth. Hermann Oberth masani ne na gaske, littafinsa na 1923 yana cikin waɗanda suka buɗe ilimin roka, kuma shi ne malamin Wernher von Braun. Haka nan kuma a 1941 ya tafi Peenemünde, inda gwamnatin Hitila ke haɗa rokar V-2, wadda aka yi ta jefawa a kan London da Antwerp, wadda fursunonin sansanin Mittelbau-Dora suka ƙera a cikin ramukan dutse, dubbansu suka mutu a wurin. To a wani kashi na 1992, an ambaci wani kumbon kai kaya da Enterprise ke jira, sunansa Biko. Steve Biko, wanda ƴan sandan mulkin wariyar launin fata suka kashe a tsare a watan Satumba 1977. Madalla, an tuna da shi. Ɗan wane gida ne kumbon? Ɗan gidan Oberth. Sunan yanka na Biko, sunan gida na mutumin Peenemünde. Ban ce da gangan suka yi ba. Wallahi da gangan ne da ya fi mini sauƙi, don da na san an yi tunani a kai.

Ku duba sosai za ku ga haka tsarin yake tafiya ko'ina. Sunan yanka ana rabawa kamar goron biki: ga Gandhi, ga Cairo, ga Yamato, ga Crazy Horse, ga Zheng He, ga Ibn Majid, shahararren matuƙin jirgin ruwan nan na Larabawa na ƙarni na 15. Sunan gida kuwa ana riƙe shi a ɗaka. A shirin Discovery na 2017 an buɗe da kumbo mai suna Shenzhou, sunan kumbon Sin da ya kai Yang Liwei sama a 2003, kuma Michelle Yeoh ƴar Maleshiya ce kaftin. Kowa ya tafa. Gidansa fa? Walker, wato Joe Walker, matuƙin gwaji na Amurka da ya tuƙa X-15. Shi kansa Discovery ɗan gidan Crossfield ne, wani matuƙin gwajin Amurka, wanda ya fara ninka gudun sauti biyu a 1953. Mutanen Vulcan ma a 1998 an gyara musu, an ba su kumbo mai suna T'Kumbra da harshensu, amma gidan na Nebula ne. Ko da aka ba Rashawa gida guda, Soyuz, ɗan gidan da aka nuna mana sunansa Bozeman, wani gari a jihar Montana inda ɗaya daga cikin marubutan ya fito. Sai da labarin ya tsallaka zuwa ƙarni na 32 aka hango wani kumbo can a bayan fage mai suna Maathai a gidan Angelou, kuma sai mai kaifin ido da ya tsai da hoton zai karanta.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Kumbo guda ana iya fasa shi a minti biyar na yaƙi, sunansa ya tafi da shi. Gida kuwa yana nan, shi ake maimaitawa a kowane kashi, shi ake bugawa a kwalin kayan wasan yara, shi masoya ke haddacewa. Kuma idan sunan yanka ya ci karo da na masu gida, an san wanda zai kauce. A ƙarshen Deep Space Nine, a 1999, an fasa kumbon Defiant, aka aiko wa Kaftin Sisko da sabo irinsa mai suna São Paulo. Kafin a sha ruwa an ba shi izini na musamman ya goge sunan birnin Barazil ya mai da Defiant. An shirya wurin ne don mai kallo ya ji daɗi, kuma an ji.

A cikin shirin nan dai akwai ƙananan jirage ƴan gidan Danube, kowane da sunan kogi: Rio Grande, Ganges, Yangtzee Kiang, Mekong, Orinoco, Volga, Rubicon, Shenandoah, Yukon, Gander. Tsari mai kyau, na yarda, ruwa na kowa ne. Har wata daga cikin taurarin shirin ta yi ba'a cewa da yadda suke asarar jiragen nan, sa'a ce duniyarmu na da koguna da yawa. To ku sake karanta jerin. Ga Asiya, ga Turai, ga Amurka ta Arewa da ta Kudu. Ina Nilu? Ina Kwango, ina Zambezi? Ina Kwara, da ta yi tafiyar kusan kilomita 4,200 daga tsaunukan Gini ta ratsa Bamako da Yamai ta faɗa teku a Najeriya? Rubicon wani ɗan rafi ne a Italiya da bai wuce kilomita 80 ba, ya shiga jerin don Yuliyus Kaisar ya taɓa tsallaka shi. Shekara bakwai ana shirin, kuma babban tauraronsa baƙar fata ne mai ado da kayan sassaƙar Afirka a ɗakinsa. Mu nan gadar da ɗalibai ke hawa kullum su tsallaka kogin zuwa jami'a, tun 1970 sunan Kennedy take amsawa. Mun ba su gada sukutum, ba su ba mu ko kwalekwale ba.

Lower Decks na 2020 aƙalla ya san abin da yake yi. Kumbonsa Cerritos ɗan gidan California ne, kowane ɗan gidan sunan wani gari ne a jihar da ake shirya fim ɗin, kuma aikinsu shi ne ƙananan hidimomin da manya suka raina. Ba'a ce suke yi wa kansu. Na yi dariya, amma dariyar wanda aka gaya wa gaskiya a cikin raha: taswirar taurarin nan ba ta wuce inda motar marubuci ke kaiwa ba.

Sai kuma yadda ake kiran jiragen abokan gaba. Jirgin Klingon na farko D7 ake ce masa, harafi da lamba kamar kwalin magani. Na Romulan tsuntsun farauta, na Ferengi mahari. Wannan ma daga soja aka gado shi. A zamanin yaƙin cacar baka ƙungiyar NATO ita ke raɗa wa makaman Tarayyar Sobiyet sunan da ta ga dama: babban jirgin ƙarƙashin ruwan da Rashawa suka kira Akula, NATO ta ce Typhoon ne, duniya kuma ta bi NATO. Mu ba baƙin wanga aiki ba ne. Mutanen Damagaram sun san barikin da aka kira Fort Cazemajou, kuma babban birnin Cadi sai a 1973 ya daina amsa Fort-Lamy. Daga baya marubutan suka ba Klingon sunaye a harshensu, Vor'cha, Negh'Var, harshen da Marc Okrand ya zauna ya ƙirƙira a shekarun 1980. Harshen da aka ƙaga a buro ya samu gidajen jirage. Ku nemo mini gida guda da sunan Swahili, harshen da aka ciro sunan Uhura daga cikinsa tun 1966.

Shirin da ya fahimci cewa suna iko ne shi ne The Expanse. Akwai wani ƙaton kumbo da ƴan ɗariƙar Mormon suka biya aka ƙera musu, suka sa masa Nauvoo, sunan garinsu na tarihi. Talakawan da suka ƙera shi da hannunsu suka ƙwace shi, suka ɗora masa bindigogi, suka ce Behemoth. Da yaƙi ya lafa ya zama zangon matafiya, sai ya koma Medina. Ƙarfe ɗaya, suna uku, kowane suna yana gaya maka a hannun wa yake da mi ake yi da shi. A Firefly na 2002 kuma gidan kumbon ya samu suna ne daga kamanninsa, gindinsa na haske kamar ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Haka talaka ke raɗa suna, da ido.

Kuma haka muke yi, mu da muke ganin kamar ba mu iya ba. Wa ya zauna a buro ya ce a kira babur mai ƙafa uku adaidaita? Shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Ibrahim Shekarau a Kano, sunan ya manne wa abin hawan, ya tsallako iyaka har Maraɗi da Damagaram. Sunan gida ke nan cikakke, ya rufe sunan kamfanin Indiya da ya ƙera shi. A 1969 da Amurkawa suka sauka a wata, ciwon idon da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a shekarar aka sa masa afolo, har yau haka muke kiran shi. Sun ba kumbonsu sunan gunkin Girkawa, mu muka ba ciwon ido sunan kumbonsu. A shekarar nan dai Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, saboda haka kada wani ya ce tafiya sararin samaniya da Hausa jiya aka fara.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na karɓi labarin ɗan uwa in ga kumbonsa USS wani abu, ajin wani abu da Ingilishi ko Faransanci, alhali mutanen ciki suna gaisawa da ina kwana. Wasu kuma sun gano matsalar, sai suka yi gyaran gangar auzinawa: suka cire Farragut suka sa Kawusan, suka cire Lexington suka sa Lugu, suka bar USS da hafsoshi da igwa yadda suke. Ina girmama Sarauniya Mangu da abin da ta yi a 1899. Amma in kumbonka gero da gishiri yake kaiwa wata duniya, mi ya haɗa shi da fagen fama? Ka ari rigar sojan ruwan wasu ne ka ɗinka mata aska takwas. Ƙasarmu ko teku ba ta da shi, ballantana rundunar ruwa da za mu gada. Abin da muke da shi na tafiya mai nisa cikin wurin da babu ruwa babu inuwa, inda taurari ne kawai ke nuna hanya, shi ne ayari: madugu, jagaba, uban dawaki, zango, fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro, raƙuman da har yau ke ratsa Tenere zuwa Bilma. Wannan ya fi kama da sararin samaniya nesa ba kusa ba fiye da jirgin katakon da ke ɗaure a Boston.

In kuwa masani kake son ka karrama yadda suka karrama Oberth, ga Abdu Mumuni Dioffo da jami'ar Yamai ke amsa sunansa, masanin fizik da ya ƙarar da rayuwarsa kan makamashin rana. Gidan jiragen da ke tafiya da hasken rana ya dace da shi, kuma hannunsa bai taɓa V-2 ba. In taurari kake so, ga Zara, ga Gamzaki, ga Kaza da ƴaƴanta, wadda ita kanta uwa ce da ɗiyanta a baya, aji da ƴan ajinsa tun kafin a ƙera jirgi. In koguna ne, ka fara da Gulbin Maraɗi da Komadugu da Kwara, in jerin ya yi tsawo jiragenka sun kai talatin, sai ka tuna da Rubicon.